Yadda Ake Binciken Babbar Lamba a Gano Siffofinta da Rukunin da Take Ciki

Idan aka miƙa wa mutum lamba irin 254,268 aka ce ya faɗi abin da ya gani a cikinta, galibi ba zai wuce ya ce babba ce kuma ana iya raba ta gida biyu ba. Masana lissafi kuwa suna da jerin tambayoyin da suke yi wa kowace cikakkiyar lamba, wato wadda babu ɓallen rabi ko kwata a jikinta, kuma amsoshin waɗannan tambayoyi ne suke nuna rukunin da lambar take ciki. Abin da ba a cika gaya wa mai koyo ba shi ne cewa kusan duk amsoshin daga wuri ɗaya suke fitowa, wato daga wargaza lambar zuwa ƙananan lambobin da aka ninka da juna aka same ta. Wanda ya yi wannan aikin da kyau, abin da ya rage masa ɗan ninkawa ne da tarawa. Wanda ya yi kuskure a nan, duk abin da ya ɗora a kai ba zai tsaya ba.

Za mu bi lambar 254,268 daga farkon aikin har ƙarshensa, domin kowane mataki ya kasance da misalin da za a iya gwadawa a takarda. Kafin nan ya kamata mu daidaita kalmomi uku. Idan aka ce lamba, ana nufin adadin gaba ɗaya, idan kuma aka ce alƙalami, ana nufin ɗaya daga cikin alamomin nan goma, daga 0 zuwa 9, waɗanda ake rubuta lamba da su. Lambar firam ita ce wadda ta fi 1 kuma ba abin da yake raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Kayan aikin da ake bukata ba su wuce takarda da fensir da kalkuleta ba, sai jerin lambobin firam da ke ƙasa da 100, waɗanda guda 25 ne.

Mataki na farko: a san girmanta

A rubuta lambar da waƙafi bayan kowane alƙaluma uku daga dama, sannan a karanta ta da baki: dubu ɗari biyu da hamsin da huɗu da ɗari biyu da sittin da takwas. Alƙalumanta shida ne. Daga nan sai a nemo lambobi biyu maƙwabtan juna waɗanda murabba'insu ya saka ta a tsakiya, murabba'i kuwa shi ne abin da ake samu idan aka ninka lamba da kanta. A nan 504 sau 504 ya ba da 254,016, shi kuma 505 sau 505 ya ba da 255,025, saboda haka saiwar murabba'in lambarmu, wato lambar da za a ninka da kanta a same ta, tana tsakanin 504 da 505. A ajiye wannan a gefen takarda, domin shi ne iyakar da ba za a wuce ba wajen neman masu raba ta.

Mataki na biyu: gwaje-gwajen da ido yake iya yi

Alƙalamin ƙarshe shi ne 8, don haka lambar cika ce, ba mara ba, kuma tun da ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ba ta raba ta. Domin sanin ko 4 tana raba ta, alƙaluma biyu na ƙarshe kaɗai ake dubawa, saboda 100 da duk ninkinta suna rabuwa da 4. Alƙaluman nan biyu su ne 68, wato 4 sau 17, ke nan 4 tana raba ta. Gwajin 8 yana bukatar alƙaluma uku na ƙarshe, kuma 268 idan aka raba ta da 8 tana barin saura 4, saboda haka 8 ba ta shiga. Tun daga nan mun san cewa 2 sau biyu kacal take cikin lambar.

Sai a tara alƙaluman: 2 da 5 da 4 da 2 da 6 da 8 sun ba da 27. Tun da 9 tana raba 27, to 9 tana raba lambar gaba ɗaya, haka ma 3. Dalilin wannan dabara yana da sauƙi, kuma ya fi kyau a fahimce shi da a haddace shi: 10, 100, 1,000 da duk 'yan uwansu suna barin saura 1 idan aka raba su da 9, don haka kowane alƙalami, ko a wane gurbi yake, adadin kansa kawai yake ƙarawa a cikin saurar.

Dabarar da na fi so ita ce wadda take gwada 7 da 11 da 13 a lokaci guda, kuma tana aiki ne saboda 7 sau 11 sau 13 daidai yake da 1,001. A yanka lambar rukuni-rukuni na alƙaluma uku daga dama, sannan a riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi. Tamu rukuni biyu ne kawai, 254 da 268, don haka sai a ɗebe 254 daga 268, a samu 14. Duk wadda ta raba 14 daga cikin lambobin nan uku, ta raba lambar asali. Bakwai tana raba 14, amma 11 da 13 ba sa raba ta. Har ma saurar da aka samu tana da amfani, domin 14 tana barin saura 3 idan aka raba ta da 11, kuma saurar da 254,268 take bari ke nan, abin da za mu dawo kansa nan gaba kaɗan.

Mataki na uku: a wargaza ta zuwa lambobin firam

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Akwai ƙa'idar da ta tabbatar da cewa kowace cikakkiyar lamba da ta fi 1 ana iya rubuta ta a matsayin ninkin lambobin firam ta hanya ɗaya tak, in ban da sauya jerin da aka kawo su. Tushen wannan ƙa'ida yana cikin ayyukan Yuklid, masanin Girka da ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Carl Friedrich Gauss na Jamus ya kawo cikakkiyar hujjarta a 1801. Ma'anarta a aikace ita ce, duk ta inda aka faro rabawar, wuri ɗaya za a ƙare.

A fara da mafi ƙanƙanta, kuma kada a bar kowace firam sai ta daina shiga. Rabin 254,268 shi ne 127,134, rabin wannan kuma 63,567, wadda mara ce, don haka an gama da 2. A raba 63,567 da 3 a samu 21,189, a sake rabawa da 3 a samu 7,063. Alƙaluman 7,063 sun tara 16, saboda haka 3 ta daina shiga. A raba da 7 a samu 1,009.

A nan ne mai koyo yakan rikice, domin 1,009 ba ta cikin jerin da ke hannunsa, kuma bai san ko firam ce ko a'a ba. Abin yi shi ne a sake neman iyaka, amma wannan karon ta abin da ya rage, ba ta lambar asali ba. Murabba'in 31 shi ne 961, na 32 kuma 1,024, don haka ba a bukatar gwada wata firam da ta wuce 31. Hujjar kuwa ita ce, idan da 1,009 ninkin lambobi biyu ce, ba zai yiwu dukansu biyu su fi saiwar murabba'inta ba, domin da ninkinsu ya zarce ta, saboda haka dole ɗaya ta kasance 31 ko ƙasa da haka. An riga an kawar da 2, 3 da 5. Bakwai tana barin saura 1, ita 11 tana barin 8, ita ma 13 tana barin 8, sai 17 da ke barin 6, da 19 da ke barin 2, da 23 da ke barin 20, da 29 da ke barin 23, da 31 da ke barin 17. Babu wadda ta shiga, ke nan 1,009 firam ce. Hasali ma ita ce mafi ƙanƙantar firam mai alƙaluma huɗu.

Sakamakon shi ne 254,268 = 2² × 3² × 7 × 1,009, inda ƙaramar lambar da ke bisa take nuna sau nawa aka ninka firam ɗin. A lura da irin wahalar da sabunta iyaka ta rage: da an tsaya a kan iyakar farko ta 504, da lambobin firam 96 za a gwada, amma da yake iyakar tana sauka duk lokacin da aka cire wani abu, guda 11 suka wadatar.

Mataki na huɗu: a tabbatar kafin a ci gaba

A ninka abin da aka samu a ga ko ya koma asali: 4 sau 9 sun ba da 36, sau 7 sun ba da 252, sau 1,009 sun ba da 254,268. Wanda yake aiki ba kalkuleta yana iya ƙarawa da gwajin saura. Idan aka raba 252 da 11 saura 10 ce, ta 1,009 kuma 8 ce, ninkinsu 80, wanda shi ma yake barin saura 3, daidai da abin da aka gani a mataki na biyu. Wannan gwaji ba ya kama kowane irin kuskure, amma yana kama mafi yawansu, har da kuskuren musanya alƙaluma biyu maƙwabta wanda gwajin 9 ba ya gani sam.

Daga wargazawar nan kaɗai an riga an sami rukunai da dama. Lambar haɗaɗɗiya ce, ba firam ba. Tana da lambobin firam huɗu mabambanta, ko shida idan aka ƙirga maimaici. Ba ta cikin lambobin da babu murabba'i a cikinsu, tun da 4 da 9 duk suna raba ta.

Mataki na biyar: yawan masu raba ta da jimlarsu

Ba sai an jera masu raba lamba ba kafin a san yawansu. A ɗauki kowace lambar bisa, a ƙara mata 1, sannan a ninka su da juna. Lambobin bisan su ne 2, 2, 1 da 1, don haka 3 × 3 × 2 × 2, wato 36. Dalili shi ne, duk mai raba lambar ana gina shi ne ta hanyar zaɓi: ko dai a bar 2 gaba ɗaya, ko a ɗauke ta sau ɗaya, ko sau biyu, zaɓi uku ke nan, haka ma 3, ita kuwa 7 ko a ɗauka ko a bari, haka ma 1,009.

Idan ana son jerin kansa, hanya mafi sauƙi ita ce a ware babbar firam ɗin gefe, a jera masu raba 252, waɗanda guda 18 ne: 1, 2, 3, 4, 6, 7, 9, 12, 14, 18, 21, 28, 36, 42, 63, 84, 126 da 252. Sauran 18 ɗin ana samunsu ne ta ninka kowane ɗaya daga cikin waɗannan da 1,009. Wani abin lura a nan shi ne faɗin sararin da ke tsakanin 252 da 1,009, inda babu ko mai raba ɗaya. Wanda zai jera abubuwa 254,268 sahu-sahu daidai wa daida, mafi kusa da murabba'in da zai iya samu shi ne sahu 252 masu ɗauke da 1,009 kowanne.

Jimlar masu rabawa ita ma daga wargazawar take fitowa. Ga kowace firam a tara 1 da ninkinta har zuwa inda lambar bisa ta tsaya: ta 2 ita ce 1 + 2 + 4 = 7, ta 3 ita ce 1 + 3 + 9 = 13, ta 7 ita ce 1 + 7 = 8, ta 1,009 kuma 1,010. A ninka su: 7 sau 13 sun ba da 91, sau 8 sun ba da 728, sau 1,010 sun ba da 735,280. Mai shakka ya tara masu raba 252 ɗin nan goma sha takwas da hannu, zai ga 728 ce ta fito.

Yanzu sai a ɗebe lambar kanta daga jimlar: 735,280 a cire 254,268, saura 481,012. Da wannan adadi ake yin wani tsohon rabe-rabe da Nikomakus, masanin Girka, ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya. Idan jimlar masu raba lamba, ban da ita kanta, ta gaza kai lambar, to mai giɓi ce, kamar 8 da kowace firam. Idan jimlar ta zarce ta, mai rara ce, kamar 12, wadda ita ce ta farko a wannan rukuni. Idan kuwa suka yi daidai, to kamila ce, kamar 6, 28, 496, 8,128 da 33,550,336. Tamu mai rara ce, kuma rararta ba kaɗan ba ce. Da ma ana iya gane haka tun kafin lissafi, domin duk lambar da ta zama ninkin wata kamila kuma ta fi ta girma, mai rara ce, ga shi kuma 6 da 28 duk suna raba 254,268. Yawancin masu rara da ake fara haɗuwa da su cika ne. Sai an kai 945 kafin a ga mara ta farko. Kamila mara kuwa, har yau ba wanda ya samo ko ɗaya, kuma ba wanda ya kawo hujjar cewa babu ita.

Ga lamba mai rara akwai ƙarin tambaya, wato ko za a iya zaɓar wasu daga cikin masu raba ta su tara daidai ita. Ga duk ninkin 6 amsar a hannu take: rabinta da sulusinta da sudusinta. A nan 127,134 da 84,756 da 42,378 sun tara 254,268 cif. Ba kowace mai rara ce take yarda da haka ba. Ta farko da ta ƙi ita ce 70, wadda masu raba ta suka tara 74, amma duk yadda aka zaɓa ba a samun 70.

Sai batun aminan juna, wato lambobi biyu da masu raba kowace suke tara ɗayar, kamar 220 da 284. Sabit bn Ƙurra, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, ya fitar da hanyar samo wasu daga cikinsu. Domin gwada tamu, sai a yi wa 481,012 abin da aka yi wa lambar asali. Tana wargajewa zuwa 2² × 7 × 41 × 419, jimlar masu raba ta 987,840, idan aka cire ta kanta saura 506,828. Tun da wannan bai komo 254,268 ba, lambarmu ba ta da aminiya.

Mataki na shida: ƙirgar Euler

Ana kuma tambayar lambobi nawa ne daga 1 zuwa lambar waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba in ban da 1. Leonhard Euler ne ya fito da wannan ƙirga a ƙarni na 18. Ga firam da ta zo sau ɗaya, a ɗebe mata 1: 7 ta ba da 6, 1,009 ta ba da 1,008. Ga wadda ta zo sau biyu, a ninka ta da abin da ya rage bayan an ɗebe mata 1: 2 sau 1 ya ba da 2, 3 sau 2 ya ba da 6. Ninkin 2, 6, 6 da 1,008 shi ne 72,576, wato kusan biyu cikin bakwai na lambar. Wannan ƙirga ce take ƙarƙashin tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka fitar a 1977.

Mataki na bakwai: murabba'i, alwatika da jimlar murabba'i

Lambarmu ba murabba'i ba ce, kuma akwai shaidu huɗu a kan haka: ta faɗa tsakanin murabba'in 504 da na 505, ta ƙare da 8, alhali murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, lambobin bisanta ba duka ne cika ba, yawan masu raba ta kuma cika ne, alhali murabba'i ne kaɗai yawan masu raba shi yake zama mara.

Lambar alwatika ita ce jimlar lambobi a jere tun daga 1, kamar 1, 3, 6, 10 da 15. Gwajinta shi ne a ninka lambar da 8 a ƙara 1, in abin da ya fito murabba'i ne to ita ce. A nan an sami 2,034,145, kuma duk murabba'in da ya ƙare da 5 dole ya ƙare da 25, saboda haka ba ita ba ce. Ba ta kuma cikin jerin Fibonacci, wato jerin 1, 1, 2, 3, 5, 8 da sauransu, inda ake samun kowace lamba ta hanyar tara biyun da suka gabace ta, domin jerin ya tsallaka ne daga 196,418 zuwa 317,811.

Tambayar da ta fi waɗannan daɗin bi ita ce murabba'i nawa ake bukata a tara kafin a sami lambar. Game da biyu, ƙa'idar da ta samo asali daga Pierre de Fermat na Faransa ta ce a duba lambobin firam da suke barin saura 3 idan aka raba su da 4, idan ɗaya daga cikinsu tana da lambar bisa mara, to abin ba zai yiwu ba. Uku tana cikin wannan rukuni, amma sau biyu ta zo, don haka ba ta hana ba. Bakwai ma tana ciki, kuma sau ɗaya ta zo, saboda haka ita ce ta rufe ƙofar. Ita 1,009 ba ta da laifi, domin saura 1 take bari, kuma ita kanta jimlar murabba'in 15 da na 28 ce, wato 225 da 784.

Game da uku, ƙa'idar Adrien-Marie Legendre ta ce a riƙa raba lambar da 4 har sai ta daina rabuwa, sannan a raba abin da ya rage da 8, idan saura 7 ce, to murabba'i uku ba za su isa ba. Kwatan 254,268 shi ne 63,567, wanda yake daidai da 8 sau 7,945 da saura 7. Ke nan uku ma ba su isa ba. Huɗu kuwa kullum suna isa, kamar yadda Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770, don haka tamu tana cikin lambobin da sai da huɗu cif. Wajen nemansu, kwaɗayin ɗaukar murabba'i mafi girma yana iya kai mutum ga bango: in aka ɗauki na 504, saura 252, wadda ita ma sai da huɗu. In aka sauko zuwa 502, murabba'insa 252,004, saura 2,264, wadda take daidai da 2,116 da 144 da 4. Saboda haka 254,268 = 502² + 46² + 12² + 2².

Mataki na takwas: siffofin da suka rataya a kan rubutu

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu siffar lambar ce ita kanta, ko da wane irin rubutu aka rubuta ta. Akwai wasu siffofin da na ɗauke su kamar tufafi, domin sun dogara ne a kan cewa da goma-goma muke ƙirga, kuma da an sauya tushen ƙirgar sai su sauya. Ko lambar tana karantuwa iri ɗaya daga dama da hagu, wannan yana cikinsu, kuma tamu ba ta yi. Haka nan ko jimlar alƙalumanta tana raba ta, rukunin da D. R. Kaprekar na Indiya ya sa wa suna Harshad: jimlar 27 ce, amma 3 sau biyu kawai take cikin lambar, don haka 27 tana barin saura 9. Ba laifi a rubuta irin waɗannan, amma kada a ba su nauyin na baya.

Domin mayar da lambar tushe biyu, wanda kwamfuta take aiki da shi, a riƙa ɗebe mafi girman da zai shiga daga jerin 1, 2, 4, 8, 16 da sauransu, inda kowace lamba take ninkin ta bayanta sau biyu. Ana cire 131,072, sai 65,536, 32,768, 16,384 da 8,192, saura 316. Daga nan a cire 256, saura 60, wadda take 32 da 16 da 8 da 4. A sa 1 a gurbin da aka cire, 0 a gurbin da aka tsallake, sai a sami 111110000100111100, alƙaluma 18. Sifili biyun da ke ƙarshe su ne 2² ɗin da aka gani tun farko. Idan aka yanka wannan huɗu-huɗu daga dama, ana samun 3E13C a tushe goma sha shida, inda haruffan A zuwa F suke tsaya wa 10 zuwa 15.

Mataki na tara: idan lambar ta fi ƙarfin gwajin ɗaya bayan ɗaya

Ga lamba mai alƙaluma shida, lambobin firam 168 da ke ƙasa da 1,000 sun isa komai taurinta. Amma duk alƙaluma biyu da aka ƙara, iyakar gwaji tana ninkuwa sau goma, don haka da an kai alƙaluma arba'in ko hamsin, ko kwamfuta ba ta iya bin wannan hanya. Idan ana zaton masu raba lambar biyu ne kuma suna kusa da juna, a gwada hanyar Fermat: a ɗauki murabba'in farko da ya fi lambar, a ɗebe ta daga ciki, a ga ko saurar murabba'i ce, in ba ita ba ce a matsa zuwa na gaba. Misali 8,051: murabba'in 90 shi ne 8,100, saura 49, wato murabba'in 7, saboda haka 8,051 ita ce 83 sau 97, wato 90 a cire 7 da 90 a ƙara 7.

Ana kuma iya gane cewa lamba ba firam ba ce ba tare da an san masu raba ta ba. Idan lamba firam ce da ta fi 2, to 2 da aka ninka da kanta sau adadin lambar ban da ɗaya dole ta bar saura 1 in aka raba ta da lambar. Wadda ta faɗi wannan gwaji tabbas haɗaɗɗiya ce. Wadda ta ci kuwa ba a yanke mata hukunci, domin 341, wadda take 11 sau 31, tana cin gwajin da 2, ita kuma 561, wato 3 × 11 × 17, tana cinsa da duk lambar da ba su haɗa mai rabawa ba. Saboda irin waɗannan mayaudara ne manhajojin lissafi suke amfani da gwajin Miller da Rabin, wanda ya fi tsanani, kuma a 2002 Agrawal da Kayal da Saxena a Kanpur ta Indiya suka nuna cewa ana iya yanke hukunci tabbatacce ba tare da aikin ya kumbura fiye da kima ba yayin da alƙaluma suke ƙaruwa.

Abin da mai bincike zai sa a ransa a wannan mataki shi ne, sanin cewa lamba haɗaɗɗiya ce ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan samo masu raba ta, kuma in ba a samo su ba, mataki na biyar da na shida ba sa yiwuwa ta hanyar da aka bayyana. A 1876 Édouard Lucas ya nuna cewa 2⁶⁷ − 1 ba firam ba ce, amma sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta, wato 193,707,721 da 761,838,257,287. Tazarar tana nan har yau. A watan Oktoba na 2024 an tabbatar da cewa 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, mai alƙaluma 41,024,320, firam ce, alhali lambar gwaji ta RSA-250, mai alƙaluma 250 kacal, sai a watan Fabrairu na 2020 aka iya wargaza ta zuwa lambobin firam biyun da aka ninka aka same ta.